Hannun da Orlin Bai Auna Ba

Duk ranar Alhamis da hantsi, bayan ya sha kofinsa ya ba kare abinci, Orlin Haugen yakan hau a-kori-kurarsa ya nufi shagon Darla Oster da ke bakin titin garin Ardell a jihar Dakota. Rabin shagon abincin shanu ne da waya mai ƙaya, ɗaya rabin kayan farauta. Da ya shiga sai ya cire hula ya ce yana so ya ga lowa. Darla ba ta tambayarsa wanne. Takan buɗe akwatin gilashi ta jera masa guda shida a kan tsumma, ta koma bakin aikinta, don ta san ba yau zai saya ba. Wata goma sha huɗu ke nan ana haka.

Lowa shi ne ƙarfen ƙasa na irin bindigar nan da mutane suke harhaɗawa da kansu, wanda kunama da gidan harsashi suke zama a jikinsa. Wanda ya gan shi shi kaɗai zai ɗauka wani abu ne ya faɗo daga injin wanki. Amma shi ke ɗauke da lamba, kuma shi hukuma take kira bindiga. Sauran sassan ana aiko wa mutum su har gida kamar takalmi. Wannan kuwa sai mutum ya zo da ƙafarsa, ya cika takarda, ya sa hannu a gaban mai shago. Mazan garin sukan zaɓi nasu kafin kofin da ke hannunsu ya huce, su harhaɗa bindigar a teburin cin abinci a yammacin Asabar guda. Orlin, mai shekara sittin da takwas, ya tara duk sauran sassan tun bara. Suna kwance a ɗakin ɗinkin matarsa Marlys, kowanne naɗe da tsohuwar safa, Marlys kuma ta sha faɗa masa cewa idan ba a kwashe su ba za ta ɗinka musu riguna ta kai su coci.

Shekara talatin da ɗaya Orlin ya yi yana raba wasiƙu a karkara, mil ɗari da ashirin kullum a kan tsakuwa. Akwatunan wasiƙa duk a hannun dama suke, sitiyari kuma a hagu. Saboda haka yakan zauna a tsakiyar kujera, ya miƙa ƙafar hagu ga totur da birki, hannun hagu a kan sitiyari, na dama yana waje ta taga. Har yau idan yana tafiya a ƙasa yakan karkace gefe guda kamar tsohon ƙyaure. Ya san rubutun kowa a yankin. Ya san gidan da ɗansu ya daina rubuto wasiƙa, ya san tsohuwar da takan tsaya a bakin akwati ta yi kamar ciyawa take cirewa. Bai taɓa ɗauka wa wani maganar wani ba, abin da ya sa ake ganin girmansa ke nan. Matsalar ita ce tasa maganar ma ba ya ɗauka ya kai wa kowa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Kendra. Bahaguwa ce tun tana rarrafe, da hagu take cin abinci, da hagu take jifan kaji. Da ta kai shekara goma sha uku Orlin ya kai ta bayan rumbu don ya koya mata harbi kafin lokacin farautar barewa. Ya ɗora mata bindigarsa mai ɗura kanta a kafaɗar dama, yadda ubansa ya ɗora masa, ya ce mata bindiga ba cokali ba ce da za a bi son ran yaro. Ta yi ta harbi tana kuskure gwangwani. A rana ta huɗu ta juya bindigar zuwa kafaɗar hagu ba tare da ta nemi izini ba, ta harba sau uku, gwangwani biyu suka faɗi. Orlin ya buɗe baki zai yi murna, sai ta miƙo masa bindigar, fuskarta a ɗaure, ta ce ba ta ƙara yi. A makon nan ne kuma ya kaso barewa, ya ga Kendra ta daɗe a tsaye tana kallonta a bayan mota. Sai ya haɗa wannan da wancan, ya yanke cewa 'yarsa mai tausayin dabbobi ce.

Shekara ashirin da biyu yana ba da wannan labari. Ya ba da shi a wurin aski, ya ba da shi a wurin gwanjon shanu, yana girgiza kai, rabi takaici rabi alfahari. Kendra ta girma, ta yi karatun jinya, ta tafi wani birni na bakin teku, tafiyar kwana biyu a mota. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci takan kira, ta yi minti arba'in da uwarta, sannan a miƙa masa waya. Sai ya tambaye ta ko ana ruwa a can. A can kullum ana ruwa. Sai ya tambayi lafiyar tayoyin motarta. Tayoyi lafiya lau. Daga nan sai ya ce bari ya ba mamanta. Duk watan Nuwamba kuma yakan fita jeji shi kaɗai da kujerun ninki biyu, yana cewa ɗayar ta ɗora ƙafa ce.

A watan Agustan bara ne suka gayyaci sabon fasto cin abinci, Orlin ya sake ba da labarin tausayin Kendra a kan naman gashi da dankali. Da baƙon ya tafi, Marlys tana wanke kwanuka, ba ta ko juyo ba ta ce masa ya isa haka. Ta ce yarinyar da take fiɗe kaza kafin shi ya gama neman wuƙa, ita ce mai tausayin dabbobi? Ta goge hannu ta ɗauko wayarta ta nuna masa hoto. Kendra ce a cikin wani daji mai dogayen itatuwa, sanye da jar rigar mafarauta, tare da mutanen wurin aikinta, bindigar aro a kafaɗar hagu, tana dariya har haƙoranta na ciki a waje.

"Shekara uku ke nan tana zuwa da su," in ji Marlys. "Bindigarka ta gefen dama take tofar da kwanson harsashi. Da ta mayar da ita hagu sai kwanson ya bi ta gaban fuskarta ya faɗa wuyan rigarta ya maƙale. Ni na sa mata magani. Tabon yana nan ƙarƙashin ƙashin wuyanta, tsoho. Kai kana can kana duban gwangwani."

Orlin ya fita ya zauna a cikin a-kori-kura ba tare da ya tada ta ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a duk faɗin gundumar babu wanda ya fi shi sanin wahalar aiki da abin da aka ƙera don ɗaya hannun. Ƙugunsa shaida ne. Amma bai gane hakan a jikin 'yarsa ba, tana tsaye taku biyu daga gare shi.

Da wani uban ne da sai ya ɗauki waya. Orlin littafin talla ya ɗauka. Ya yanke shawarar zai harhaɗa mata bindiga ta bahagwai daga farko har ƙarshe, mai tofar da kwanso ta hagu, idan ta kammala sai ya kira Kendra ya ce ta zo su buɗe farauta tare. Ya ga kamar zai fi sauƙi ya ce ga bindiga da ya ce wani abu daban. Ƙarfen sama da bututu da duk tarkacen suka iso ɗaya bayan ɗaya cikin mako shida. Sai aka zo kan lowa, aiki ya tsaya cik.

Ba don babu zaɓi ba. Akwai wanda aka buga da zafi a maƙera, mara nauyi, mara kwalliya. Akwai wanda aka sassaƙo daga dunƙulen ƙarfe, mai kusurwoyi kamar sabuwar mota. Akwai na roba, wanda Orlin yake ɗagawa da yatsa biyu kamar mushen ɓera. Akwai mai hoton ƙoƙon kan mutum a jiki, Darla kuma takan sa shi a layin ne kawai don ta ga yadda zai taɓe baki. Uku daga ciki suna da maɓallai ta kowane gefe, na kulle kunama da na sakin gidan harsashi, yadda bahago zai kai gare su ba tare da ya saki riƙo ba. A kan waɗannan ukun yake ɓata lokaci. Darla takan ɗaura musu mariƙi na gwaji, ya riƙe da hannun hagu, ya miƙa yatsa ya taɓa maɓalli, ya ajiye, ya ɗauki na biyu. Wannan maɓallinsa ya yi nisa. Wancan ya yi tauri. Na uku babu abin da ya yi, sai dai bai kwanta masa ba.

Darla bazawara ce mai shekara sittin, tun suna yara ta san shi, kuma tana gaya wa kowa cewa Orlin bai ɓata rabin wannan lokaci ba wajen zaɓen matar aure. Shi kuma yakan ce ai Marlys ba ta zo da maɓallai ba. Mutanen da suke zuwa sayen gishirin shanu sun saba ganinsa a wurin, har wani ya taɓa tambayarsa farashin igiya.

A Alhamis ta biyu ta watan Oktoba, saura wata guda a buɗe farauta, Orlin ya shigo da babban ambulan a hammata, yana tafiya irin ta wanda ya warware matsala. Ya ce wa Darla ya gano inda kuskuren yake. Da hannunsa yake ta gwadawa, hannunsa kuwa kamar shebur ne, dole komai ya zo masa daidai ko ya ƙi zuwa ba bisa gaskiya ba. Ma'aunin hannun mai bindigar ake buƙata, kuma ya samo. Ya zaro wata tsohuwar takarda mai launin ruwan ƙasa, gefenta duk ya tattare. Irin zanen nan ne da kowane yaro yake yi a makaranta gabanin bikin godiya na shekara-shekara da ake cin talotalo, inda yake ɗora tafinsa a takarda ya zagaye da fensir, babban yatsa ya zama kan talotalo, sauran huɗun su zama gashin wutsiya. An shafa masa ja da rawaya, a ƙasa an rubuta Kendra H., aji huɗu. A cikin akwatin takardun haihuwa ya same shi. Ya ma zo da abin awo, ya ce ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda girma.

Darla ta sa tabarau ta daɗe tana duban talotalon. Ta ce kyakkyawan tsuntsu ne. Sannan ta ɗora nata hannun hagun a kai, babban yatsanta ya faɗi ta wajen wutsiya.

"Orlin, da wane hannu Kendra take riƙe fensir?"

"Da hagu mana. Ai maganar ke nan."

"To wanne ta ɗora a takarda?"

Ya dubi zanen. Ya ɗora hannunsa na hagu, bai hau ba. Ya ɗora na dama, ya hau. Bahaguwa da hagu take zane, don haka hannun dama ta zagaye. Kwana uku ya yi yana auna hannun da ba shi ba. Ya tsaya yana duban ɗan ƙaramin tafin da ke leƙowa ƙarƙashin nasa, sai ya ga a duk gidansa, da akwatuna da hotuna da komai, ba shi da ko inuwar hannun hagun yarinyar nan.

Darla ba ta yi dariya ba, ko da yake daga baya ta yi mai isarta. Ta kwashe lowa uku marasa amfani ta mayar, ta bar ukun. Ta ce masa a hankali cewa duk ukun nan lafiyayyu ne, kowanne zai fi su duka biyu daɗewa a duniya, kuma ya daɗe da sanin haka. Ta ce ba maɓalli ne ya hana shi saye ba. Ranar da ya sa hannu a takarda, bindiga za ta kammala a wuni ɗaya, daga nan kuma babu abin da ya rage sai ya kira, Kendra kuwa tana iya cewa a'a. Muddin yana zuwa ranar Alhamis, ba ta ce a'a ba tukuna. Orlin ya ce ita dai mai sayar da abincin shanu ce. Ta ce haka ne, shi ya sa ta san dabbar da take zagaye kwano ba ta ci.

Bai kira ba. Wasiƙa ya rubuta, irin abin da ya fi amincewa da shi. Layi uku ne. Ya ce ta ɗora hannunta na hagu a kan takardar da ya saka a ciki ta zagaye shi ta aiko, ya ce an fara sanyi, ya ce ta duba iskar tayoyinta. Ya haɗa da ambulan mai adireshinsa da kan sarki a manne. Daga nan sai mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana ganin tsofaffi a bakin akwatin wasiƙa ya zama ɗaya daga cikinsu. Da ƙarfe goma sha ɗaya yakan fita da guduma ya yi ta ƙwanƙwasa gindin akwatin, wai ya girgiɗe. Matar da ta gaje shi a hanyar takan miƙo masa takardun talla ta ce gobe ma rana ce, shi kuma ya ce ba jiran komai yake ba.

Kwana tara babu komai. A rana ta goma, Laraba da azahar, waya ta yi ƙara. Marlys ta ɗauka, ta saurara, ta miƙo masa tana ɗaga gira, don Kendra ba ta kira ranar Laraba, kuma ba ta fara neman ubanta.

"Baba, me za ka yi da hannuna?"

Ya ce awo ne kawai. Ta ce ta gwada sau biyar. Don ta zagaye hagu dole ta riƙe biro da dama, abin da ya fito kuwa ya fi kama da hantsar saniya, ba za ta aika wannan ta gidan waya ba, tana da mutunci a unguwa. Ta ce ko dai ya faɗa mata ko ta tambayi Darla, wadda ba ta iya riƙe sirri ko na minti biyar.

Sai ya faɗa mata. Ya fara da bututu, ya bi ta kan ƙarfen sama mai tofarwa ta hagu, ya yi bayanin maɓallai uku dalla-dalla, ya daɗe a kan bambancin wanda aka buga da wanda aka sassaƙa. Ta bar shi ya gama. Da maganar ƙarfe ta ƙare masa sai ya tsinci kansa a bakin ɗaya maganar, babu hanyar kaucewa.

"Mamanki ta gaya mini zancen kwanson nan. Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Da farko kunya na ji. Daga baya kuma ka riga ka gaya wa duk gari ina da tausayi. Kana jin daɗin faɗa, Baba. Ban so in ƙwace maka ba."

"Ni ya kamata in duba ki. Ban duba ba."

Yana jin ruwa yana bugun wata taga a can nesa, wannan karon bai tambaya ba. Sannan ta ce ya san dai dokar jihar da take zaune ba za ta bar ta ta tafi da irin wannan bindiga ba. Ya ce ya sani. Ta ce to a ina bindigar za ta zauna? Ya ce a nan, kamar ɗakinta.

Ta ce kada ya zaɓi komai. Idan bindigarta ce, ita za ta riƙe lowa ukun da hannunta ta ji. Amma Nuwamba ba zai yiwu ba, an riga an raba ranakun aiki a asibiti, kuma ta yi wa wata alkawarin riƙe mata nata. Sai dai Maris. Orlin ya ce a watan Maris babu abin farauta a Dakota sai taɓo. Ta ce gwangwani fa, ko sun ƙare? Ya ce a'a, akwai gwangwani.

Bana ma shi kaɗai zai buɗe farauta, wannan bai canja ba, kuma daga Oktoba zuwa Maris akwai sanyi mai tsawo a tsakani. Ya daɗe a tsaye da waya a hannu bayan ta kashe. Marlys ta tambaye shi yaushe za a ba ta ɗakin ɗinkinta, ya ce nan da wata biyar, ta ce Allah ya ba ta haƙuri.

Da la'asar ta hango shi ta tagar kicin, yana tafiya a karkace zuwa bayan rumbu da zarto a hannu. Akwai wani teburin katako a can da yake jingina bindiga idan zai gwada saiti, an yanke masa gurbi ta gefe ɗaya inda mai harbi da dama yake shigar da jikinsa. Ya zagaya ɗaya gefen, ya zauna a kan bokiti, ya ɗaga kafaɗar hagu yana gwada inda gwiwar hannu za ta sauka. Ya ja layi da fensir, ya dube shi, ya goge, ya matsar da shi ciki kaɗan don ita ba ta kai shi faɗi ba. Sai ya tsaya da zarton a kan layin, ya yi tunani, ya yanke ƙasa da yadda ya zana, yadda idan ta zo ta ce a ƙara, akwai katakon da za a ƙara yankewa.